Sai Ta Huce Take Dawowa

Yayana ya rasu ranar Talata da hantsi, a kujerar bayan mota, kansa bisa cinyata. Muna hanyar dawo da shi Jalingo daga wani asibiti a Abuja. Bayan azahar aka kai shi makwancinsa.

Mu bakwai Inna ta haifa. Shi ne na fari, ni ne auta. Biyar ɗin da ke tsakaninmu duk da hannuna na sa su a ƙasa. Na binne mata biyu da 'ya'ya uku. Gobara ta taɓa cinye mini rumfa, ruwan kogin Mayo Gwoi ya taɓa tafiya da ɗakina. Ba na kuka a wurin mutuwa, ranar ma ban yi ba. Ni maƙeri ne. Ban yi boko ba, baƙin Hausa a ajin manya na koye shi bayan gemu ya fito. Iyakar abin da na sani zan rubuta.

A ƙofar gida muka yi zaman makoki, nan unguwar Abbare, a rumfar maƙera. Na kashe wuta, aka share toka, aka shimfiɗa tabarmi.

Manyan mutane sun zo. Abokan aikinsa na jami'a, da waɗanda ya koyar suka zama wani abu. Motoci suka toshe layi har masu keke suka riƙa zagayawa ta baya. Wani mai furfura a cikinsu ya tashi ya yi bayanin aikin Yaya, rabi Hausa rabi Turanci. Na san gaskiya ya faɗa. Amma a layinmu ba wanda ya tafi gida da kalma ɗaya daga ciki.

Wani tsohon Bafulatani da nake yi wa ƙira ya zo tun daga Sunkani. Ya tsuguna ya ce, "Allah hokku munyal, Allah Ya ba da haƙuri. Ashe mai duban taurari ya tafi."

Liman ya ɗago kai. "Ardo, gyara maganarka. Ba duba yake yi ba."

"To me yake yi, Malam?"

Liman ya dube ni. Amsar ta fi ƙarfin zaman makoki.

Can sai wani dattijo daga dangin mijin 'yar Yaya ya matso kusa da ni. Ya rage murya, amma ba sosai ba.

"Malam, wa ya ba da shawarar a ɗauko shi daga asibiti?"

"Ni na ɗauko shi."

"A wannan hali?"

"A wannan hali."

"Da an bar shi, wataƙila da ya ƙara kwana."

"Wataƙila."

Ya koma wurin zamansa. Na san maganar na yawo a cikin gida wajen mata, kuma za ta yi yawo a gari. Shi ya sa na zauna rubutu. Abu biyu nake so a sani: aikin da ya yi da rayuwarsa, da dalilin da ya sa na sa shi a mota. Biyun a haɗe suke.

Kakanmu daga Zariya ya zo garin nan da masabarsa. Baba ya gaje shi. A gidanmu ɗan fari ke zaman zuga tun yana ƙarami, shi ke gadon maƙera. Yaya bai iya ba. Ba a haife ni ba lokacin, amma Inna ta sha ba mu labari. Sai ya fara zuga, wuta ta kama, ya saki zugazugi ya tsaya kallo, ƙarfe ya huce a hannun Baba. Da aka bi gida-gida neman yaran makaranta, Baba bai yi gardama ba. Ya ce, "Ku ɗauki wannan. Kallon wuta ya iya, ba hura ta ba."

Haka ya tafi. Daga nan sai gaba: Zariya, ƙasar waje, sannan wata ƙasar. Zugazugi ya bi ta hannun 'yan'uwa har ya faɗo kaina, ya tsaya.

In ya zo hutu, tambayar Inna ɗaya ce. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Sai ta ce, "Kai, yaushe za ka dawo?" Ba hutu na gaba take nufi ba, shi ma ya sani. Amsarsa ɗaya ce: "Shekara biyu, Inna, da ƙari ko ragi."

Komai nasa haka yake. Ka tambaye shi nisan Yola, ka tambaye shi yaushe ruwa zai sauka, sai ya faɗa ya ɗora masa "da ƙari ko ragi". Ya ce a aikinsu, wanda ya kawo lissafi bai faɗi iyakar kuskurensa ba, ba a sauraronsa. Inna ta ce, "Ni dai kullum ƙarin nake gani. Ragin yana ina?"

Baba ya rasu, Yaya bai samu jana'iza ba. Inna ta rasu, bai samu ba. Ta Inna, ya iso an riga an naɗe tabarmi. Ya same ni ina ƙira.

"Auta, kai ni in ga wurin."

Na gama fartanyar da ke hannuna tukuna, sannan na kai shi. Ya daɗe a tsaye. Sai ya nuna da yatsa.

"Akwai fili a gefensu."

"Akwai."

"Nan za ka sa ni."

Na ce, "Yaya, Musulmi inda ya faɗi nan ake rufe shi. Ba a ajiye gawa a jira jirgi. Kai kuma ba ka dawowa. Inna ta yi ta kallon ƙofa har idonta ya rufe. In kana son wurin nan, sai ka zo ka mutu a nan."

Ba a yi wa babba irin wannan magana a gidanmu. Na yi, kuma har yau ban ga abin janyewa a cikinta ba. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya ce, "To. Na ji." Daga ranar muka yi shekaru gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Da ya ajiye aiki, matarsa kuma ta rasu, sai ga shi da akwatuna da kwamfuta. 'Yarsa tilo tana aure a Abuja, ta so ya zauna wurinta. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa daga ni har shi Uwata muke ce mata. Ya ce, "Uwata, akwai wadda na yi wa alkawari kafin ke." Ya ɗauki ɗakin Baba, na bayan maƙera.

Ina da injin hura wuta, na fanka da batir. Ya sa na sauko da zugazugin Baba na fatar akuya daga inda yake rataye. Aka ɗinke inda ɓera ya ci, aka shafa mai. Kullum da hantsi sai ya fito ya naɗe hannun riga ya zauna. Zugarsa ba ta gyaru ba. Hannun dama ya riga na hagu, wuta ta yi ta haki kamar tsohon jaki a hawa.

"Farfesa, ƙarfe na hucewa."

"Ina sane."

"Kallo kake yi."

"Ai shi ne sana'ata, Auta."

Gemuna ya yi fari, jikokina na jin yana ce mini Auta. Bai taɓa canzawa ba.

Mutanen layi sun ɗauka za su riƙa ganinsa bisa rufi da madubin hangen nesa. Ba su gani ba. Yana idar da isha'i yake kwanciya, ya riga kowa. Aikinsa da rana yake, a ɗaki, labule a sake, shi da kwamfuta. Ajiye aiki bai hana shi ba, ɗalibansa na aiko masa abubuwa yana dubawa.

Wata rana da damina ruwa ya tsare mu a rumfa, ba mai saye ba mai wucewa. Ban taɓa tambayarsa ba sai ranar.

"Wai Yaya, me ka tafi nema har ka rasa jana'iza biyu?"

Bai ɓata rai ba. Ya ce, "Sa ƙarfe a wuta."

Na sa. Ya zuga.

"Wane launi?"

"Ja."

"In aka ƙara?"

"Rawaya."

"In aka ƙara?"

"Fari. Daga nan kuma ka ƙona mini ƙarfe."

"To akwai zafin da ya wuce fari nesa ba kusa ba. Abu in ya kai can, hasken da yake bayarwa ido ba ya ganinsa. Shi ne irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. A sama akwai abin da ke ba da shi da kansa, saboda tsananin zafi. Amma ba ya isowa ƙasa, iskar duniya ke shanye shi. Ko na kwana bisa rufi ba abin da zan gani. Sai an ɗora na'ura a tauraron ɗan'adam, ta tsaya tana kallon wuri ɗaya tana tarawa kaɗan-kaɗan, sannan a aiko mana."

Ya ce taurari ba a warwatse suke ba, garke-garke suke kamar shanu, kowane garke ya fi ƙarfin ƙirge. Akwai garken da haihuwa ta tsaya masa, akwai wanda ake ta haihuwar sababbin taurari a cikinsa. Na biyun shi ne nasa. A cikin sababbin akwai manya masu cin wuta da gaggawa, ba sa daɗewa sai su fashe. In suka yi ta fashewa a wuri ɗaya, sai su hura iskar da ke tsakanin taurari, ta yi zafin da ya wuce fari, ta kumbura, ta yi waje. Ya daki zugazugi da tafin hannu. "Kamar wannan. Sai dai nasu ya fi nawa daidaito."

Ya shiga ɗaki ya fito da wani hoto da ya buga a takarda. Baƙi ne, da ɗige-ɗige masu haske, kamar tartsatsi.

"Me ka gani?"

"Tartsatsi."

"Kowa su yake fara gani. Ba su nake nema ba." Ya ɗora babban yatsa a kan wanda ya fi haske, ya rufe shi. Ya rufe wani da ɗaya hannun. "Yanzu fa?"

Na ƙura ido. Akwai wani abu dushi-dushi kamar hayaƙi, ya fito ta sama da ta ƙasan garken.

"Ita ce iskar," in ji shi. "Rabin aikina ke nan, Auta. In bi masu ƙyalli ɗaya bayan ɗaya in cire su, in ga abin da ya rage. Kai ma ai ba ka duba launin ƙarfe a tsakar rana. Inuwa kake ja da shi."

Wannan gaskiya ne.

Ya ce a cikin iskar nan har ƙarfe akwai, zafi ya mai da shi iska. A cikin taurari ake ƙera shi, in sun fashe su watsar. "Wanda ke bakin awartakinka ma can ya samo asali, tun duniya ba ta dunƙule ba."

Na ce, "Nawa tsohon ƙarfen sifirin ne, na ƙarƙashin tirela. A tasha na saye shi."

Ya yi dariya har ta zama tari. Ranar na fara lura da tarin.

Da ya lafa sai ya ce, "Ga abin da na tafi nema. Iskar da ta fita, tana dawowa? Wata ƙarfinta ya kai ta tafi ke nan, garken ya rasa ta har abada. Wata kuma ta yi sama, ta yi nisa, sannan ta sauko kamar ruwan nan, a sake haihuwar taurari da ita."

"Me ke dawo da ita?"

"Nauyin garken ke janyo ta. Amma muddin tana da zafinta, ba ta saukowa. Sai ta huce take dawowa."

"Nawa ke dawowa, nawa ke ɓacewa?"

"Ban gama ba. Na bayana za su ƙarasa."

Na dube shi. Shi wuta yake kallo. Na ce, "Zuga." Ya zuga. Daga ranar gaisuwarmu ta koma hira. Hoton kuma na kafa shi da ƙusa a jikin ginshiƙin rumfa.

Akwai wani abu da ya same shi a garin nan wanda bai shirya masa ba. Labari ya bazu cewa babban masanin hasken hoton ƙashi ya dawo gida. Sai mutane suka fara zuwa da manyan ambulan a hammata, daga cikin gari, daga Iware, daga ƙauyukan bayan dutse. Mai ƙirji, mai ƙugu, mai karaya. Su zaro baƙin hoton asibiti su miƙa masa.

Bai taɓa karɓa ya ɗaga ba. Ya ce, "Hasken ɗaya ne, amma karatun daban. Ni ban koyi na jikin mutum ba."

Abin ya dame ni. Na ce, "Yaya, mutum ya biya mota tun daga ƙauye. Ka ɗaga a rana ka ce da sauƙi mana, ya tafi da daɗin rai."

"In na ce da sauƙi ya koma gida ya zauna fa?"

"To sai ka kore shi?"

"Wa ya ce?"

Hula yake ɗauka. Ya tare keke, ya sa mai hoton a ciki, su tafi asibiti. Ya bi layi da shi. In an shiga, ya yi wa likita tambayoyi da Turanci, ya juyo ya warware wa mai ciwon da Hausa, a hankali, har sai ya ga ya gane. Ranakun nan ni ke rasa mai zuga. In ya dawo in ce, "Likitan da ba ya duba kowa ya dawo." Ya ce, "Sannu da aiki, maƙerin tirela."

Akwai wata Bamumuya mai sayar da doya da ta zo da hoton ƙirjinta. Tarin fuka ne. Maganin na watanni ne, kuma mutane kan bari in sun ji sauƙi. Yaya ya riƙa zuwa rumfarta a kasuwa, wai sayen doya, ya tsaya har sai ta nuna masa kwalin magani ya ga inda ta kai. Doya ta yi mana yawa a gida a shekarar, har muka riƙa rabawa.

Da aka kwana biyu da rasuwar, manyan motoci suka janye, layi ya buɗe. Sai na tuna da yatsan Yaya. Na dubi abin da ya rage. Tabarmi ba su yi sanyi ba. Masu keke, masu gawayi, mata daga coci da zanensu iri ɗaya, tsofaffi masu sanda. Ba mai suna a cikinsu. Suna zuwa kaɗan-kaɗan, su zauna, su tafi, wasu su zo. Mai doyar ta zo da kwando a ka, ta sauke a gabana. Hausarta irin ta kasuwa ce, Baba kuma take kiran Yaya. Ta ce, "Baba ba ta karanta hoto na ba. Ta kai ni da ƙafa." Ta buga ƙirjinta. "Ga ni nan." Ta rufe fuska da gyale.

In koma baya: tarin Yaya bai tsaya ba. Ya rame, zugazugi ya fara yi masa nauyi. Uwata ta zo ta ce sai Abuja. Ya yi gardama, ta fi shi. A bakin mota ya ce mini, "Sati biyu, Auta, da ƙari ko ragi."

Na ce, "Na san wannan lissafin."

Bai yi dariya ba.

Damina ta wuce, aka fara girbi, bai dawo ba. Ina jin labari a waya: an yi wannan gwaji, za a yi wancan. Na daina kallon kujerarsa. A raina na ce ga jana'iza ta uku nan tafe, sai dai wannan karon ni zan rasa tasa. Sai wata safiya waya ta yi ƙara. Muryarsa ce, ta shige ciki.

"Auta. Zo."

Na kashe wuta na tafi tasha.

Na same shi da robar iska a hanci, hannunsa kamar kara. Likita ya riga ya gaya musu: ciwon daji ne a huhu, ya bazu, abin da ya rage sai rage zafi. Uwata ta tare ni a bakin ƙofa, idonta ya kumbura.

"Baffa, don girman Allah kada ka biye masa. Nan akwai iska, akwai allura. Hanyar nan kaɗai ta isa ta ƙarasa shi."

"Uwata, ba shawara na zo ba. Kira na aka yi."

Yana jinmu. Ya ce a miƙo masa ambulan ɗinsa. Ya zaro hoton ƙirjinsa ya ɗaga wajen taga. Ranar kaɗai na taɓa ganin ya yi haka.

"Ba karantawa zan yi ba," in ji shi. "Likita ya karanta mini. Matso, Uwata."

Ta matso. A gefe ɗaya na hoton akwai wani farin dunƙule. Ya ɗora babban yatsa ya rufe shi.

"Tun da muka zo, wannan kaɗai kike kallo. Na rufe shi. Me ya rage?"

Ya nuna mata da ɗaya hannun.

"Baƙin nan, nan da nan, huhu ne mai aiki. Ba yawa. Amma a lissafina zai kai ni Jalingo."

"Da ƙari ko ragi," ta ce, hawaye na zuba.

"Da ƙari ko ragi." Ya huta, ya tara numfashi. "In na cika a gadon nan, kafin rana ta faɗi kun rufe ni a maƙabartar da ban san kowa ba. Baffanki ya gaya mini tun da daɗewa, kuma gaskiya ya faɗa. Na rasa jana'izar uwata. Kada ki sa in rasa maƙwabtaka da ita."

Ta fita. Na ɗauka fushi ta yi. Ta daɗe. Da ta dawo, da direba ta dawo, da tukunyar iska, da magungunan da likita ya haɗa mata na hanya.

Bayan asuba muka tashi. Ita a gaba, ni da shi a baya. Duk ramin da mota ta faɗa a jikina nake jinsa. A Wukari muka yada zango saboda ya galabaita, da safe muka ci gaba. Yawanci barci yake. In ya farka ya ce, "Ina muke?" in faɗa masa, ya lumshe ido. Da muka wuce Mutum Biyu numfashinsa ya canza. Ya koma irin zugarsa, ɗaya ya riga ɗaya, sai a yi shiru, sai ya dawo.

Duwatsu suka fara bayyana a gaba. Tulin doya a bakin titi, shanu na tsallakawa.

"Ina muke?"

"Iware, Yaya. Saura kaɗan."

Ya buɗe ido ya dubi taga. Ban san abin da ya gani ba. Na sunkuya na faɗi kalmar shahada a kunnensa, leɓensa ya bi ni. Ya ja numfashi. Na jira na gaba. Bai zo ba.

Direba ya gani a madubi, ya rage gudu. "Hajiya, mu tsaya?"

Uwata ba ta juyo ba. Ta ce, "Kada ka tsaya. Gida za ka kai shi."

Na rufe masa ido, na cire robar, na riƙe hannunsa. Hannuna ya san hucewar abu, aikina ke nan tun ina yaro. Daga Iware zuwa gari ina jinsa yana sauka a hankali. Muna shiga layinmu ya huce.

Ga amsata ga dattijon nan da duk mai irin tambayarsa. Da ya cika a Abuja, da can yake. Da a Wukari ne, da mutanen Wukari sun yi masa salla, Allah Ya saka musu. Ya riƙe ransa har inda ba mai cewa a sauke shi. Lissafinsa ya zo da ragi kaɗan. Shi ne ragin da Inna ta yi ta tambaya.

Ardo kuma, in ka sake kawo ƙira, ga taka amsar. Ba ya duba wa kowa sa'a. Wutar da ke tsakanin taurari yake aunawa, ya ga wadda ke tafiya da wadda ke komowa. Bai gama ba, ya faɗa da bakinsa.

Uwata ta tafi da kwamfutar, za ta ba ɗalibansa. Hoton ginshiƙi ta bar mini. Akwai shaidar yatsansa a jiki, baƙin gawayi, daidai kan tartsatsin da ya rufe ranar ruwan nan. Nakan ɗora nawa a kai. Nasa ya fi nawa siriri.

Na koma kan injin fanka. Wuta na ci daidai yanzu, ƙarfe ba ya hucewa, aiki na sauri. Ba na so. Da hantsi na fi jin abin, lokacin da yakan ɗaga labule ya fito yana naɗe hannun riga. Sai in ji bakina ya shirya cewa "Farfesa, ka makara", in haɗiye. Shekarun da muka yi muna gaisuwa kawai, da na san hirarsa haka take, da na tambaye shi tun da wuri. Akwai abin da ban gane ba har yanzu, yadda nauyi ke janyo abu daga wannan nisa. Na yi niyyar tambaya in ya dawo daga Abuja. Ba wanda ya rage da zai ce mini Auta. Zugazugin Baba na nan a ƙasa inda ya bar shi, ban rataye ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa.

Yanzu yana maƙabartar bayan unguwa, a filin da ya nuna mini da yatsa. Ni na shiga ramin na karɓe shi, na kwantar da shi kan damansa, fuska ga alƙibla. Inna na gabansa, Baba na gaba da ita. Yaya yana gida.